Kaset Mai Karyayyen Haƙori

Da safe ta zura kaset ɗin a na'ura, ta danna, sai shiru. Fanko ne. An sace muryar tsohuwar mai shirin yara a rediyo, an saka sabon kaset a kwalin, tun kafin a juye ta cikin kwamfuta. Kuma babu kwafinta a ko'ina.

'Yar Umarni ake ce mata, don aikinta a ɗakin adana muryoyi shi ne rubuta yadda ake juye kaset mataki-mataki. Gwajin aiki ma take.

"Makulli a hannunki yake," in ji Shugaba. "In kaset ɗin bai fito ba, kin gama aiki."

Ta fara da maigadi. "Wa ya shiga jiya?"

"Ke, Shugaba, sai Baba Injiniya. Ni sanyin ɗakin nan ma ciwon kai yake sa ni."

Ta miƙa masa kaset, ya rasa gabansa da bayansa. Shugaba kuwa da yatsa biyu take ɗaukar kaset, kamar mataccen ɓera. Ba su ba ne.

Sai ta juya fankon. An karya ɗan haƙorin da ke samansa, karyawar da ake yi don hana ɗora wata murya a kan ta farko. Ta nufi wurin Baba Injiniya.

Ta tarar da tsohon yana goge na'ura.

"Baba, wa zai kare kaset ɗin da babu komai a cikinsa? Sai wanda hannunsa ya saba. Hannunka na zauna ina kallo na rubuta matakin nan."

Ya daina gogewa. Sannan ya ciro kaset daga aljihun ƙirjinsa.

"Matata ce, 'yata. Zaren kaset ɗin ya tsufa. In na'ura ta tauna shi, ta sake mutuwa."

"A aljihu ma ruɓewa zai yi, Baba. Kai za ka saka. Ni zan karanto matakan."

Ta karanta, ya bi abin da shi ya koya mata. Zare ya fara juyawa, layi ya motsa a fuskar kwamfuta. Sai wata mace ta yi gyaran murya, ta yi dariya, kamar tana zaune tare da su.

"Yara, kuna jina?"

"Ina jinki," in ji tsohon.