Abin da Gado Ya Gani Ranar Zaɓe

A watan Yunin 1993 alƙali a Agiye ya ɗaure Balarabe Iro shekara huɗu saboda ƙona rumbun mai garinsu. Shaidar da ta kai shi gidan kaso ta fito daga bakin Gado, ɗan ƙanensa marigayi, wanda mutanen Tudun Jaye, kusa da Gazawa, suka yi shekara ashirin da uku suna cewa ɗan ruwa ne, ba mutum ba.

An haife shi da doguwar fuska da manyan kunnuwa. Ba ya haɗa ido da kowa, in aka matsa masa sai ya yi ta kaɗa hannuwa yana cizon bayan hannunsa. Sai da ya shekara bakwai ya ce "Inna". Uwarsa Saliha ce ta gano cewa faɗa da nuni ba sa shigarsa, amma abin da ya kalla ta wutsiyar ido, daga farko har ƙarshe, ya zauna ke nan. Sai ta riƙa yin aiki a gefensa kamar ba ta san yana nan ba. Haka ya iya wanka yana da shekara goma, ya iya sa riga yana sha uku, yana sha tara ya iya ɗaura wa jaki amalanke ya ɗebo ruwa. Daga nan sabon abu ya yi wuya, amma bai taɓa mantuwa da tsoho ba.

Da mijinta Ado ya rasu, gonarsa ta zama ta Gado. Balarabe, da ya sa ido a kan gonar, ya hana matan garin sayen man gyaɗar Saliha, ya ce hannun da ya goyi aljani ba a cin abinsa. Aka daina zama kusa da ita a gidan suna. Ta yi ta kuka a kan sallaya, ba ta rama ba.

Ranar zaɓen watan Maris, da hantsi, gari duk yana layi a lakol, makarantar garin, rumbun mai gari Magaji ya kama da wuta. Geron shekara guda ya zama toka. Aka tarar da Gado tsaye a gefe, riƙe da igiyar jakinsa. Kafin azahar an ɗaure shi a gindin gawo, Balarabe na cewa a tsallaka iyaka da shi wajen wani boka a sa shi a turu.

Saliha ta faɗi gaban mai gari. "Ranka ya daɗe, wallahi bai taɓa riƙe ashana ba! Ban taɓa kunna ta gabansa ba... Yaya Balarabe, jinin ƙanenka ne fa, mi ya yi maka?"

"Jinin ƙanena?" in ji Balarabe. "Tambayi rijiyar da kika samo shi!"

Gado ɗan farinta ne, ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ranar ta faɗa, hawaye na zuba. "Gado... Ya Allah, Kai ka ba ni shi, Kai za ka fid da shi!"

Jandarma biyu da ke gadin akwatin zaɓe suka sa aka kwance shi. Da igiya ta faɗi, Gado ya miƙe ya nufi tokar. Yana tafe yana jan ƙafar hagu, shi da ba gurgu ba. Ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu, ya tsuguna ya yi kaki. Ya zaro abin da babu daga aljihu, ya ƙyasta sau biyu, ya kare da tafin hannu. Sannan ya ɗago ya dubi taron ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya yi magana da muryar dattijo mai shan taba:

"Kalla da kyau, ɗan ruwa. Wa za ka gaya ma?"

Mutum ɗaya ne a Tudun Jaye yake jan ƙafar hagu. Jandarma ya ce kowa ya ɗaga babban yatsa. A manyan garin, na Balarabe ne kaɗai ba tawadar zaɓe. Gado ya koma gindin gawo ya sake farawa. A karo na uku Balarabe ya toshe kunnuwa ya durƙushe. "Ku hana shi! Ni ne... ni ne, ku hana shi!"

Gona ta tabbata ta Gado. Mai gari ya zo da kansa ya nemi gafarar Saliha, mata suka dawo sayen mai da kwalabensu. Wani likita a Maraɗi ya ce mata halitta ce da ke bin jini, ta fi kama maza, ba aljani a ciki.

Sai dai Gado ya kalli abin daga farko har ƙarshe. Kullum da hantsi yakan ajiye jaki, ya ja ƙafa zuwa bakin sabon rumbun, ya tsuguna ya ƙyasta hannu wofi. Masu tebur a garin sun daina ajiye ashana a fili. Har yau ba a san abin da zai yi ba ranar da ya tsinci kwali.