Kitson Hayin Gulbi

Ku yaran yanzu, kunnuwanku na ado ne kawai. A ce muku kada ku je, ku ce don me. A gaya muku dalili, ku ce tsohuwa ta cika surutu. To, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Labarin jikata ne. Ba zan faɗi sunanta ba, don ta riga ta sha hukuncinta.

Shekarar da cutar korona ta zo, shekarunta goma sha ɗaya. Garinmu ƙarami ne, a ƙasar Bukkuyum, a bakin gulbi. In ka tsallaka gulbin akwai wani babban gari da muke ce wa Hayi. Can akwai tasha, akwai kasuwa. Motocin Gummi da na Anka duk a can suke tsayawa.

Hukuma ta sa dokar kulle. Aka rufe makarantu, aka tare hanyar mota. Mahaifin yarinyar, ɗana, dokar ta rutsa da shi a Gusau. Gida ya rage daga ni sai ita sai Innarta.

Innar nan tana da fuka. Ko hayaƙin murhu ya yi yawa, sai ƙirjinta ya kama kuka. Ita muke ji wa tsoro.

Mai garinmu ya tara dattawa suka ƙara tasu dokar. Ba mai zuwa Hayi, ba mai shigowa daga Hayi. Amma bazara ce, kuma cikin azumi. Gulbi ya janye, sai yashi da ɗan ruwa iya gwiwa. Duk mai taurin kai zai iya tsallakawa da ƙafa.

A Hayi mutane suna ta kwanciya. A garinmu ko mutum ɗaya bai kamu ba. Sai yara suka mai da abin alfahari.

"Kaka, cutar nan ba ta kama mu," in ji jikata. "Jininmu ya fi nasu ƙarfi. Mu tuwon gero da kifi muke ci. Su kuwa shayi da burodi."

"Wa ya gaya miki?"

"Kowa ya sani."

"To, kowa bai san komai ba. Zauna gida."

A Hayi akwai wata mai kitso, Maiturare, ƙawar Innarta ce. Duk Sallah ita ke yi wa yarinyar kitso. Hannunta ba ya ɓoyuwa. In ta zo ƙeya, sai ta raba ƙarshen biyu ta lanƙwasa kamar jelar kifi. Ba mai iya wannan sai ita.

Saura kwana goma Sallah, yarinyar ta fara naci.

"Inna, yaushe zan tahi wurin Maiturare?"

"Bana ba zuwa, ɗiyata. Kaka ta yi miki."

"Kitson Kaka? Wannan mai kama da kunyar dankali?"

Na ce, "Da kunyar dankalin na yi Sallah sittin, ban mutu ba."

Washegari da hantsi aka aike ta fadama ta tsinko yakuwa. Ba ta dawo ba sai bayan azahar. Ta ɗaure kallabi tamau har saman gira. Ta ce wai ta tsaya taya wata ƙawarta ban ruwa.

Daga baya ta gaya mini gaskiya. Ta ɓoye kwandon yakuwar a cikin ciyawa, ta tattare zane, ta tsallaka gulbi. Ɗakin Maiturare ƙarami ne. An rufe taga, an saki labule, don kada masu tsaron doka su gani. Mata takwas ne a ciki, ana ta hira da dariya. Ɗaya tana tari. Ita ma Maiturare tana jan hanci.

"Mura ce kawai," in ji ta. "Kawo kanki nan."

Yarinya ta ɗora kai a cinyarta. Ku kun san yadda ake kitso. Fuskar mai yi tana dab da taki, numfashinta yana sauka a kanki. Haka suka zauna tun hantsi har azahar.

Kwana biyar ba ta cire kallabin nan ba. Da shi take kwana, a ɗakin Innarta, a kan tabarma ɗaya. Da shi take kai kunun buɗe-baki gidajen maƙwabta.

Ran na shida da la'asar, na sa ta tsaron tukunyar miya. Ina can ƙuryar ɗaki sai ƙauri ya ishe ni. Na fito da sauri. Miya ta ƙone ƙurmus, daddawa tana hayaƙi. Ita kuwa tana zaune dab da murhu tana tsince shinkafa.

"Ke! Hancinki ya mutu ne?"

Ta ɗago. "Mi ya faru, Kaka?"

"Ba ki ji ƙauri ba?"

Ta shaƙa, ta sake shaƙa. "Ban ji komai ba."

Sai na tuna. Na ji a rediyo cewa cutar nan tana ɗauke wa mutum jin wari da ƙamshi. Na kai hannu in taɓa goshinta. Ta kauce. Na fizge kallabin.

Ga kitso nan shar, ga jelar kifi a ƙeya.

"Wa ya yi miki wannan?"

"Wata ce a fadama."

"Ƙarya a cikin azumi? Na san hannun Maiturare tun ba a haife ki ba. Kin je Hayi ko ba ki je ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Na je."

Ban dake ta ba. Duka ba zai mai da abin da ta kwaso ba. Na ce wa Innarta ta tsaya nesa. Na share ɗakin ajiyar hatsi, na shimfiɗa tabarma, na ce wa yarinyar ta shiga. Sannan na ja ƙyauren zaure na rufe.

Maƙwabcinmu Malam Bilyaminu shi ne malamin ajinsu. Zana ce kawai ta raba gidajenmu. Na ƙwala masa kira, na gaya masa. Ya buga wa Zaliha waya, ma'aikaciyar lafiya ta yankinmu. Da safe ta zo a kan babur, fuskarta a rufe da takunkumi. Ta sa wani siririn tsinke mai auduga a hancin kowannenmu, ta ce za a kai gwaji.

Sannan ta tsaya daga bakin ɗakin hatsi.

"Ƙanwata, tun da kika dawo, gidan wa da wa kika shiga?"

Yarinya ta kau da kai.

"Ki faɗa," in ji ni.

"Kaka, za su ce ni na kawo cuta garin nan."

"Za su ce. Kuma ke kika kawo ta."

Ta fashe da kuka. "To ai an ce ba ta kama mu! An ce jininmu ya fi ƙarfi!"

Malam Bilyaminu yana jin mu ta bayan zana. Ya yi gyaran murya.

"Ɗalibata, share hawaye ki amsa mini. Mota nawa ke tsayawa a tashar Hayi ran kasuwa?"

"Da yawa, Malam."

"A nan fa?"

"Ko ɗaya. Sai babura."

"Ɗakin da aka yi miki kitso, ku nawa ne?"

"Mu tara. Da Maiturare goma."

"Taga a buɗe?"

"A rufe."

"To kin ba kanki amsa. Cutar nan ba ta da ƙafa. Mutum ke ɗaukar ta a numfashinsa ya kai wa wani. Hayi ta sha baƙi kafin a rufe hanya. Gidajensu a cushe suke. Da aka hana kasuwa a fili, wasu suka mai da ita cikin ɗaki. Mu nan ba mu da yawa, mun rufe da wuri, kuma mun riƙe dokar. Ban da haka, can ana yawan gwaji, shi ya sa ake sanin masu ita. Jininmu da nasu ɗaya ne. Abin da ya raba mu da su, gulbin nan ne da jin magana."

"Ni kuma na tsallaka," in ji ta a hankali.

"Awo, kin tsallaka. Amma in kin faɗi gidajen da kika shiga, za mu tare ta a nan. In kin ɓoye, kafin wata ya ƙare mun zama Hayi."

Ta goge fuska da bakin zane. Ta miƙe tsaye.

"Gidan Tabawa, sau uku. Gidan Jibo mai kifi, sau biyu. Gidan Liman, sau ɗaya, amma a zaure na tsaya."

Zaliha ta rubuta. Kafin azahar an rufe gidajen nan uku. Mai gari ya sa samari su riƙa ajiye mana ruwa da itace a ƙofa.

Saura kwana biyu Sallah, zazzaɓi ya kama Innarta. Washegari numfashi ya gagara. Tana zaune ta dafe ƙirji, tana jan iska kamar mai hawan tudu da kaya. Zaliha ta samo mota, aka ɗauke ta zuwa asibiti a Gummi. Yarinyar tana leƙe ta kafar ƙyaure. Ba a bar ta ko ta taɓa hannunta ba.

Ranar Sallah gidanmu tsit. Ɗinkin Sallar yarinyar yana ninke a cikin akwati. Na kai mata tuwo bakin ƙofa, sai na same ta da tsinke a hannu tana tsefe kitson.

"Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Ba na son shi a kaina." Ta ɗago. "Kaka, Inna za ta dawo?"

"Allah ya sani. Ke dai yi abin da ya rage naki."

Ta kuwa yi. Gwaji ya nuna tana da cutar, ni kuma Allah ya tsare ni. Kwana goma sha huɗu ba ta taka tsakar gida ba sai da takunkumi. Kwanonta daban, butarta daban. Ita ke wanke kayanta da sabulu ta shanya a rana. In na manta na matso, sai ta ce, "Kaka, koma baya." Kullum da safe sai ta kira Malam ta zana, ta tambayi lafiyar gidajen nan uku.

A gidan Tabawa mutum biyu suka kamu, suka warke. A gidan Jibo da na Liman ba wanda ya kamu. Cutar ba ta wuce nan ba. Maiturare ma ta sha jinya a can Hayi, ta tashi.

Bayan kwana goma sha biyu aka dawo da Innarta. Ta rame, amma da ƙafarta ta shigo. Da Zaliha ta ce an gama killace mu, yarinyar ta durƙusa a gaban Innarta.

"Inna, ki yafe mini."

"Na yafe, ɗiyata. Tashi ki dama mini kunu. Kada ki bari ya ƙone."

Muka yi dariya, karo na farko tun da aka rufe gidanmu.

To, ku ji da kyau. Ba ƙarfin jini ke tsare gari daga annoba ba. Zama inda aka ce a zauna ne, da faɗin gaskiya da wuri in an yi kuskure. Ƙafar yaro ɗaya ta isa ta kai ciwo gari guda.

Yafiya daban, hukunci daban. Mai gari ya sa aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu a hanyar gulbi. Ya ce yarinyar ce za ta riƙa cika shi kowace safiya. Duk wanda ta gani zai tsallaka, ta tsai da shi ta gaya masa abin da ya sami Innarta. Wasu sun yi mata tsiya, suna ce mata 'yar jelar kifi. Ba ta fasa ba ko rana ɗaya. Kwana arba'in tana ɗaukar tulu, har damina ta sauka gulbi ya cika ya rufe hanyar da kansa.

Kitson Maiturare kuwa, ko ƙawa ɗaya ba ta gan shi ba. Da Babbar Sallah ta zo, kunyar dankali na yi mata. Ta ɗora kai a cinyata, ta zauna shiru har na gama.