Ɗiyar da Aka Rubuta wa Kango

Dutsen farko ya faɗo kan rufin ɗakin Rahamatu ana kiran magariba. Ta leƙa, tsakar gida shiru, sai 'yarta Kamila a bakin murhu. Tun rasuwar mijinta su biyu ne a gidan nan na Kankia. Kwana uku ana jifa. Rana ta huɗu Kamila ta ƙulle kayanta a ɗankwali, ta ce da muryar tsohuwa gida za ta.

Rahamatu ma'aikaciyar binciken zazzaɓin yara ce. Kwanakin baya, a ƙauyen Dudunni, aka ce su riƙa ƙirga gidaje, kowane na biyar su shiga su yi tambayoyi. Ran nan lissafi ya faɗa kan wani kango, ciyawa har bakin ƙofa. Rana ta take, mai duba aiki kuwa ba ya ƙaunar takarda fayau. Sai baiwar Allah ta zauna a inuwar katangar ta ƙaga iyali: tsohuwa da yarinya 'yar shekara tara. Sunan da ya fara zuwa bakinta ta rubuta, Kamila.

Ranar da Kamila ta ƙulle kayan, Malam Ɗalha mai ruƙiyya ya zo bayan la'asar. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago kai, ya tambayi wadda ke jikinta me take nema da ɗiyar mutane.

"Shekara arba'in ina kangon nan na Dudunni, Malam, ba wanda ya taɓa yi mani sallama. Uwar yarinyar nan ce ta zauna ƙofata ta rubuta ina da ɗiya. Tawa na zo ɗauka."

Malam ya ce rubutun ƙarya ne, kuma ta sani. Aljanar ta ce za ta tafi, amma sai an yi mata tambayoyin nan yadda aka yi wa sauran gidaje.

Rahamatu ta ɗauko sabuwar takarda. Ta tambayi aljanar inda take ɗibar ruwa, da ko tana da gidan sauro. Tausayi ya kama ta tun kafin ta kai ta ƙarshe.

"Iya, ku nawa ne a gidan?"

"Ni kaɗai."

Kamila ta yi atishawa, ta buɗe ido tana neman uwarta.

Washegari Rahamatu ta kai takardun biyu ofis ta faɗi abin da ta yi, aka sallame ta daga aikin. Ran Juma'a ta hau mota zuwa Dudunni, ta tsaya a ƙofar kangon, ta yi sallama.