Sunan da Farfaɗau Ya Nema

Da ƙarfe tara na safe na'urar da ake kira Farfaɗau ta fara aikinta a ɗakin jarrabawa na Cibiyar Koyon Agajin Gaggawa ta Birnin Tsauni. Mutum-mutumi ne na roba, kwance a ƙasa, babu ido babu hanci. Ɗalibi zai sa awarwaron awo a hannu, na'urar ta haska masa hotunan danginsa ɗaya bayan ɗaya tana sauraren bugun zuciyarsa. Wanda zuciyar ta fi bugawa a kansa, fuskarsa robar take ɗauka, har da tabo da furfura. Daga nan sai ta faɗi sumammiya, a ce da ɗalibi bismilla, ya ceto rai.

Injiniya Nafi'u, wanda ya ƙera ta, yana alfahari da ita kamar shi ya haife ta. A cewarsa, kowa gwani ne a kan robar da ba ta da fuska, amma ranar da naka ya faɗi, ranar ake sanin wanda ya iya. Gaskiya ya faɗa, sai dai ya bar wani abu a baya. Ya tsara cewa matakin farko shi ne a dafa kafaɗar wanda ya suma a kira sunansa da ƙarfi. Idan na'urar ba ta ji sunan ba, ba za ta fara lissafa komai ba.

A nan Laure ta maƙale har sau biyu.

Laure mace ce mai shekara hamsin da ɗaya, mai sayar da fura a hawa na arba'in na wani dogon bene. A ajinsu na mutum talatin babu mai kama ƙafarta wajen danna ƙirji. Ana son dannawa talatin, zurfin santimita biyar, sannan hura numfashi biyu. Matasa sai sun bi ƙarar agogo suke daidaita saurin, ita kuwa hannun da ya shekara arba'in yana kirɓa fura a turmi ba ya neman agogo. Amma duk lokacin da ta sa awarwaron, Farfaɗau sai ya ɗauki fuskar Zayyanu, ɗanta na fari, magidanci mai gyaran na'urar hawa bene. Ita kuwa tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa faɗinsa ba. Haka ta taras uwarta na yi, haka kakarta, don kunyar ɗan fari ba ta san an shiga sabon ƙarni ba. Ta durƙusa ta yi ta cewa "Kai wannan! Kai yaron nan!" har lokaci ya ƙare, robar tana kwance abinta.

Yau ne zama na uku, kuma na ƙarshe. Wanda ya faɗi sau uku an sallame shi ke nan. Ba don ado Laure take son takardar ba. Motar asibiti mai tashi sama tana ɗaukar minti tara kafin ta iso benensu, kuma a cikin irin wannan minti taran mijinta ya cika a bakin ƙofa, maƙwabta sun yi cirko-cirko babu wanda ya san abin yi. Mai takardar shaida kaɗai ake ba jakar agaji da na'urar tayar da zuciya ya ajiye a hawansa. Laure ta yi rantsuwa hawa na arba'in sai ya samu tasa jakar.

Tun asuba ta shiga banɗaki sau huɗu, ta ɗaura ɗankwali ta kwance ya fi a ƙirga. Da ta hango Injiniya a bakin ɗakin sai ta tare shi.

"Ɗan nan, don girman Allah ka sa mini wata fuskar. Ga ƙanwata, ga autata, ko kai ma ka sa taka, wallahi zan danne ka da kyau."

Nafi'u ya yi dariya. "Baba, ba ni nake zaɓa ba, zuciyarki ce. Na'ura ba ta ƙarya."

"To wa ya ce ta yi ƙarya? Rashin kunya dai gare ta."

Malama Hindatu, ma'aikaciyar jinyar da ta koyar da su, ta kama hannunta. "Yaya Laure, roba ce fa. Ki rufe ido ki faɗa, babu mai ji sai mu."

"Allah fa yana ji," in ji Laure.

Aka kira lambarta. Bangon ɗakin na gilashi ne, a bayansa iyalan ɗalibai suke tsayawa kallo, amma ita ko ɗaga kai ba ta yi ba, don ta aika wa kowa a gida cewa kada wanda ya zo. Ta sa awarwaro, hotuna suka gifta, robar ta motsa ta lotsa. Ga Zayyanu kwance, da ɗan tabon girarsa na faɗowa daga keke. Agogon bango ya fara cin daƙiƙa sittin ɗin da aka ba ta don kiran sunan.

Ta durƙusa ta dafa kafaɗar. "Kai," ta ce. "Kai wannan."

Daƙiƙa ashirin suka wuce. Leɓɓan robar suka fara yin toka-toka, domin Nafi'u bai bar komai ba wajen kwaikwayon mutuwa. Laure ta san wannan launin. Ta gan shi a bakin ƙofarta, ranar da ta yi ta jijjiga mijinta tana cewa "Malam, Malam," shi ma har ya tafi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tsoro na gaske ya kama ta, ta manta da roba, ta manta da takarda. Ta damƙi kafaɗun biyu ta kwarma ihu.

"Zayyanu! Zayyanu, tashi!"

"Na'am, Inna!"

Amsar ba daga ƙasa ta fito ba. Daga bayan gilashi ta fito, inda wani ƙato cikin rigar aiki ya yi zumbur har ya buga goshi. Zayyanu ya saɓa umarni ya zo, ya ɓuya a bayan mutane. 'Yan kallo suka tuntsire da dariya, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Fitilar na'urar ta koma kore. Laure ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma hannuwanta ba su jira ta ba. Ta ɗora tafi a kan tafi a tsakiyar ƙirji, ta miƙe gwiwar hannu, ta shiga dannawa tana ƙirgawa da ƙarfi. Talatin, numfashi biyu. Talatin, numfashi biyu. Gumi ya jiƙa ɗankwalin. Ta manna na'urar tayar da zuciya, ta daka tsawa kowa ya matsa, ta latsa. A zagaye na biyar robar ta yi tari, ƙirjinta ya ɗaga da kansa.

Malama Hindatu ta rungume ta tana tsalle kamar ba malama ba. Allo ya nuna maki casa'in da takwas, mafi yawa tun da aka buɗe cibiyar. Laure ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana share hawaye, daɗi ya cika ta har ba ta iya tashi.

Zayyanu ya shigo da ƙulu a goshi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta kawar da kai kamar yadda ta saba. Sai ya juya wajen Nafi'u.

"Injiniya, shekarata talatin da uku, yau na fara jin sunana a bakinta. Don Allah ka tura mini muryar nan in ajiye."

Nafi'u ya ce wannan ai abu ne mai sauƙi, ya buɗe ma'ajiyar na'urar da fara'arsa. Ya duba, ya sake dubawa, fara'ar ta ragu. Farfaɗau ya adana zurfin kowace dannawa, da yawan iskar da aka hura, da zafin tafin hannun Laure, alƙaluma sama da dubu huɗu. Murya kuwa, da zarar ya tabbatar an faɗi sunan daidai yake goge ta. Nafi'u da kansa ya tsara haka shekara shida da suka wuce, don a ganinsa ba ta da amfani.

"Babu," ya ce a hankali. "Ban ajiye mata wuri ba."

Zayyanu ya koma gaban uwarsa ya marairaice. "Inna, sau ɗaya tak. Ki ƙara."

Laure ta miƙe, ta gyara mayafi, ta karɓi jakar agajinta daga hannun Malama Hindatu ta rataya. Ta dubi bango, ba shi ba, bakinta yana son yin murmushi tana hana shi.

"Kai wannan, wuce mu tafi. In kana son ƙari sai ka suma, yanzu ina da takarda."

Suka fita yana dariya yana bin ta a baya. Nafi'u bai ko ji sallamarsu ba, yana tsaye gaban allo yana ta jan alƙaluman sama da ƙasa, ko Allah zai sa na'urarsa ta yi kuskure ta bar wani abu.