Fim ɗin da Zarami Bai Ƙarasa Mini Ba

Ranar Laraba labarin ya same ni, ina tankaɗe. Hussaini, abokin aikin mijina Zarami a silima, ya tsaya a bakin zaure ya kasa shigowa. Motar da ta ɗauko fim daga Jos ta kife, Zarami yana ciki, bai tsira ba. Shekarar 1973 ce, watanmu bakwai da aure.

Wajen sayen ƙosan innata a unguwar Yerimaram na fara ganin Zarami. Shi ne mai juya fim. 'Yan mata irina ba mu zuwa silima, sai ya riƙa kawo mini fim da baki bayan la'asar. Ya koya mini Turancin aikinsa: fas ril, faifan farko, sakan ril, na biyu, las sin, inda labari ke ƙarewa. Kullum a tsakiya yake tsayawa.

"Ƙarasa mana, Malam."

"In na ƙarasa, Fannena, me zai kawo ni gobe?"

Baba ya ce ba zai ba ɗan silima 'yarsa ba, ga Maigandi mai fataucin shanu yana so. Ya hana Zarami ƙofar gidanmu. Wata biyu ban gan shi ba, har na ɗauka ya haƙura. Sai ga takarda, na haɗa baƙaƙen da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci: "Fanne, las sin yana nan na ajiye miki. Ban faɗa wa kowa ba. Naki, Zarami."

Ashe duk kwanakin da Zarami ya yi yana ba ni labari, Baba yana saurare daga zaure. Wata rana yana alwala, bai dube ni ba, ya tambaya ko makiyayin nan na cikin fim ɗin da Zarami ya bari a tsakiya ya gano ƙanwarsa. Na ce mai amsar an kore shi. Sai ya ce a kira shi.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure. Baba ya sa mana albarka, ya ce Allah ya bar mu tare har tsufa.

Kafin tafiyarsa Jos ya fara mini wani fim, ya tsaya a sakan ril. Hussaini ya sha cewa zai ƙarasa mini, na ƙi. Ba na sa ran komai yanzu. Amma kullum bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarmarsa, in maimaita labarin daga farko, in tsaya inda ya tsaya.