Dutsen Awarar Hamida

A garin Ruwan Godiya, cikin ƙasar Faskari, an yi wata yarinya mai suna Hamida. Shekararta goma sha ɗaya. Yarinyar kirki ce, amma fa ba ta iya zama wuri ɗaya. In ta zauna, ƙafa na rawa. In aka aike ta, kafin a gama faɗin saƙo ta kai zaure. Innarta har ta gaji da cewa, "Hamida, tsaya mana in rufe baki!"

Babanta, Malam Rabo, manomi ne. Tun da aka daina zuwa gonakin nesa saboda tsoron daji, abinci ya yi ƙaranci a gidan. Rigar makarantar Hamida ta yage, aka ɗinke, ta sake yagewa, har babu inda allura za ta kama. Takalmi kuwa ya daɗe da tsinkewa. Kunya ta kama Hamida, ta daina zuwa makaranta.

Wata rana malamarsu, Malama Sa'adiya, ta yi sallama a gidan.

"Inna, lafiya ba mu ganin Hamida?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Malama, riga ce babu. Wallahi abin na damuna."

"Saura sati shida jarrabawa," in ji Malama. "In ba ta zauna ba, 'yan ajinsu za su wuce su bar ta."

Hamida na bayan ƙyaure tana ji. A bar ta a baya? Ita da kullum take fara ɗaga hannu a aji?

Lokacin kaka ne, ana ta girbin waken suya. In mai gona ya gama kwashe amfaninsa, yara kan shiga su tsince abin da ya zube. Shi ake kira kala. Hamida ta ɗauki ƙwarya ta bi su. Kwana tara tana duƙe a gonakin bakin gari, tana tsintar wake ɗaya bayan ɗaya. Bayanta ya yi ciwo, yatsunta suka yi kanta. A ƙarshe ta tara tiya guda cif.

"Inna, awara zan yi," in ji ta. "In kai ƙofar makaranta in an fito tara. In na sayar, sai in ɗinka riga."

"Kin iya?"

"Ai na sha ganin Gwaggo Kyauta tana yi."

Gwaggo Kyauta maƙwabciyarsu ce, tsohuwa mai awara. Ranar Lahadi kaɗai take hutu, don tana zuwa coci.

"Gani daban, iyawa daban," in ji Inna. "Ki je ta nuna miki."

"Babu lokaci, Inna! Sati shida fa aka ce!"

Hankalin Inna bai kwanta ba. Amma ta ɗauko ɗan man gyaɗan da ya rage a kwalba, ta miƙa mata.

Washegari da sassafe Hamida ta kai jiƙaƙƙen wake inji. Ta tace, ta ɗora a wuta, ya tafasa. Ta zuba ruwan tsami, madarar ta dunƙule fara tas. Ta yanka albasa da attarugu ta zuba. Ta juye a buhu, ta ɗaure, ta ɗora dutse a kai don ruwa ya tsane.

Sai jira. To, nan fa aka zo wurin da Hamida ba ta iyawa.

Ta zauna, ta miƙe. Ta leƙa zaure, ta dawo. Ta dubi rana, ta dubi dutse. Ruwa na ɗiga ɗis, ɗis, kamar da gangan yake mata.

"Inna, ya yi?"

"Bai yi ba."

Ta zagaya tsakar gida sau biyu.

"Yanzu fa?"

"Hamida, ko ƙwarya ban gama wankewa ba tun da kika tambaya."

Inna ta ɗauki bokiti ta tafi rijiya. Tana fita, aka ji ƙarar ƙarfen makaranta daga nesa. An fito tara! Hamida ta zabura. Ta ture dutsen, ta kwance buhu. Awarar ta yi laushi kamar fura, wuƙa ma ba ta kama ta sosai. Duk da haka ta yayyanka, ta watsa cikin mai mai zafi.

Cuuu! Mai ya yi tsalle ya fallatsar mata a hannu. Ta yi ihu. Awarar ta wargaje cikin kasko, ta zama burbushi. Ta sha man duka, ta kama ƙasa, ta ƙone baƙi ƙirin.

Inna ta dawo da gudu. Ta tsoma hannun Hamida cikin ruwan sanyi.

"Mi na ce miki? Mi na ce?"

Hamida ta dubi kaskon. Kalan kwana tara ke nan, ga man Inna na ƙarshe. Ta fashe da kuka.

Ƙaurin ne ya jawo Gwaggo Kyauta. Ta leƙo ta kan danga tana toshe hanci.

"Wa ke ƙona mana gari da safen nan?"

Ta shigo, ta duƙa ta dubi kasko, ta dubi dutsen da ke gefe. Ba sai an gaya mata ba.

"Kin ɗage dutse da wuri, ko?"

"An buga ƙarfe ne, Gwaggo."

"To ita awarar ɗaliba ce, da za ta ji ƙarfe ta shirya?"

Inna ta yi dariya ba ta shirya ba. Hamida kuwa ta ƙara sautin kuka. "Shi ke nan, za a bar ni a aji. An gama kala, babu sauran wake."

Gwaggo Kyauta ta fita. Jim kaɗan ta dawo da tiyar wake a ka, da kwalbar mai a hannu.

Inna ta miƙe. "Haba Gwaggo, ba mu da abin biyanki."

"Wa ya ce ki biya? Ni ma wata ce ta ba ni tiyar farko a Pauwa, tun ina amarya." Ta juya wurin Hamida. "Amma gobe a gabana za ki yi. Kuma ke za ki yi gadin dutse."

Washegari aka sake komai daga farko. Da aka ɗora dutse, Gwaggo ta nuna mata turmi.

"Zauna nan. Ɗauko littafinki."

Hamida ta zauna. Ƙafa ta fara rawa.

"Gwaggo, ya..."

"Karanta!"

Ta karanta shafi ɗaya. Aka buga ƙarfen tara. Ta miƙe zumbur.

"Koma ki zauna. Yara ba su ƙarewa, ɗiyata. In ba ki same su da tara ba, kya same su da an tashi."

Hamida ta koma. Ta ciji leɓe, ta karanta shafi na biyu, da na uku. Ruwa ya rage ɗiga, ya rage, har ya tsaya. Gwaggo ta kama yatsanta ta danna a kan buhun.

"Kin ji tauri? In kin danna ruwa bai fito ba, to ta yi."

Suka kwance. Wuƙa ta shiga sumul. Awara ta faɗa cikin mai ta yi ja, kowace a tsaye da kusurwarta. Da aka tashi makaranta, kafin Hamida ta gyara zama a bakin ƙofa, robar awararta ta zama wayam.

Daga ranar, kullum sai ta yi. Littafi a cinya, dutse a gaba. Ba wai ƙafar ta daina rawa ba ne, a'a, hannun ne ya koyi tsayawa. Cikin sati uku tela ya ɗinka mata riga, ta sayi takalmin roba. Malama Sa'adiya ta gan ta a bakin aji, ta ce, "Maraba da mai awara! Shiga, kujerarki na nan."

Da sakamako ya fito, Hamida ce ta huɗu. Duk karatun gadin dutse ne.

Shekaru suka wuce. Da awara Hamida ta gama sakandare. Ta buɗe rumfa a Faskari, ta sayi injin niƙa nata na kanta. Amma duk sanda ta ga yarinya a gida lokacin makaranta, sai zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ta tara mata masu awara, suka kafa ƙungiyar taimako, suka sa mata suna Tiya Ɗaya. Suna zagaya ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Duk gidan da talauci ya hana yaro karatu, sai su ba uwa da ɗiya tiyar wake, da kwalbar mai, da dutse.

Ran da suka je Damari, wata dattijuwa ta riƙe baki. "Ikon Allah! Yau ga masu rabon dutse. Hajiya, ai muna da duwatsu a garin nan."

"Na sani, Inna," in ji Hamida. "Amma wannan da darasi yake zuwa."

Aka ɗaure buhu, aka ɗora dutse. Wata ƙaramar yarinya mai suna Najiba ta zauna, ta miƙe, ta zagaya. Can ta saci ido, ta kai hannu kan dutsen.

Hamida ta riƙe hannun a hankali. Ta nuna mata ɗan tabon ƙuna da ke bayan nata hannun.

"Kin ga wannan? Ni ma na taɓa ɗage shi da wuri. Zauna kusa da ni, ɗauko littafinki."

Najiba ta zauna, ƙafarta na rawa. Hamida ta dubi tata ƙafar, ita ma rawar take. Su biyu suka ƙyalƙyale da dariya, ruwa kuma ya ci gaba da ɗiga.

To yarana, kun dai ji. In ba ku iya abu ba, ku tambayi wanda ya iya. Kowane aiki yana da lokacinsa, kada gaggawa ta sa ku ɓata wahalarku. In kuma Allah ya ɗaga ku, ku waiwaya ku miƙa wa na baya hannu, yadda aka miƙa muku.