Hancin Mai Agogo

Ranar da Mai Agogo ya fara shiga shagon man ƙamshi, ba ciniki ya kai shi ba, ruwan sama ne ya koro shi. Budurwar da ke tsaron shagon, wadda babanta ke kira 'Yar Kwalba, ta ɗago ta dube shi.

"Malam, idanun nan naka ba sa samun barci. Lafiya kuwa?"

Tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ya yi masa irin wannan tambaya. Ɗakinsa cike yake da agogunan gyara, kowanne na ta ƙas-ƙas, amma ba mai ce masa sannu da zuwa.

Ta ɗiga man na'a-na'a a auduga ta miƙa masa. Ya shaƙa, ya ce, "Da daɗi."

Ƙarya yake yi, bawan Allah. Wani zazzaɓi ya tafi masa da jin ƙamshi tun bara, kunya kuma ta hana shi faɗa.

Daga nan ƙafarsa ta saba. Yau ya sayi man kanumfari, gobe na lemun tsami, ya kai gida ya jera a taga, ko murfi ba ya buɗewa. Ita kuwa ba ta iya faɗin so da baki ba, sai ta zauna ta haɗa masa nasa na musamman.

Ranar da za ta ba shi, sai ta yi kuskure ta ɗauko kwalbar man sirki zalla, wanda ba ya ƙamshin komai. Ya shaƙa, ya lumshe ido.

"Ban taɓa jin irinsa ba."

Sai da ya tafi ta ga haɗin nata yana nan a kan teburin shago. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ashe duk yabon nan ba'a yake mata? Da ya dawo washegari, ko kallo bai ishe ta ba.

Babanta ya ce, "Wanda ya yi miki ƙarya a kan kwalba, me zai bari? Ga mai kemis can yana ta aiken neman aurenki. Ki yi tunani."

Mai Agogo ya koma ɗakinsa, shiru ya dawo sabo. Da kewa ta ci ƙarfinsa, ya tura mata saƙo:

"'Yar Kwalba, hancina ya mutu tun bara. Ban ji ƙamshin ko ɗaya cikin man da na saya ba. Ina zuwa ne don ke kaɗai ke tambayata ya na kwana. Ki yafe mini."

Ta karanta, ta yi hawaye, sannan ta amsa:

"Mai Agogona, wallahi kai sai a hankali. Buɗe kwalaben nan, ka riƙa shaƙar su ɗaya bayan ɗaya safe da yamma, kana tuna yadda suke. Wasu yana dawo musu, wasu ba ya dawowa. Ko ma dai wanne ne, ina nan."

Shi da kansa ya je ya durƙusa gaban babanta ya faɗi gaskiya.

"Ba ka jin ƙamshi, kake neman 'yar mai ƙamshi?"

"Baba, ai ka ga ba don kayan shago na zo ba."

Tsohon ya danne dariya, ta ƙi dannuwa. Aka ɗaura aure, hanci dai shiru, ya ci gaba da shaƙe-shaƙensa.

Wata safiya ta ɗora albasa a wuta, ta ja ƙofar kicin, ta fita shanya. Yana ɗaki yana kwance wani agogo, sai ya ce, "Amarya, wani abu na ƙonewa."

Ta taho da gudu, sai ta ja ta tsaya turus.

"Wa ya gaya maka?"

Ya ajiye agogon a hankali, ya kai hannu hancinsa. Idonsa ya ciko. Ya miƙe zai je ya sauke, ta riƙe masa riga.

"Bar ta ta ƙone. Shaƙi abinka."

Allah ya bar su tare, ya sa albarka a wannan gida.